Kalma Guda a Bakin Binuwai

Shekara talatin ina awon auduga a Garwa,
sikeli bai taɓa yi mini gardama ba.
Sai Ragunatan, Ba'indiyen da ke gyaran injin gurza,
ranar tafiyarsa ya miƙo mini littafi
a madadin jaka biyar da nake binsa.
Na karɓa don kunya. Ya kwana shekara tara a ƙasan akwati.

Da na ajiye aiki na buɗe shi.
Baƙaƙen Sanskirit suna rataye a jikin layi
kamar jemagu a reshen maɗaci.
Ƙarƙashinsu Faransanci,
ƙarƙashin Faransanci sharhi, mitsi-mitsi, sai da tabarau.
Na yi dariya ni kaɗai, ai na san wannan gini:
haka littattafan mahaifina suke a gafaka,
matani layi biyu, sharhi shafi uku,
hashiya na zagaya gefe kamar akuya a turke.

Kalma guda ta tare ni tun farkon damina:
atman.
Mai fassara ya ba ta suna ya wuce abinsa,
mai sharhi ya jawo shi baya, ya ce ba haka ba,
wani mai sharhin ya zo bayan ƙarni huɗu
ya ce su duka biyun sun kama reshe sun bar tushe.

Na ce bari in auna ta da duwatsun gidanmu.
Na ɗora rai. Rai yana ɓaci, rai yana fita,
wannan kuwa sun ce ba ta shiga ba balle ta fita.
Na ɗora kurwa, ta yi sakayau, maye ma yana kama ta.
Ruhi yana da gidansa, ban so in tashe shi ba.
Na ɗora kai.
Kai mai ɗaukar tulu, kai da nake kiran maƙwabci,
kai! da ake yi wa yaro in ya doshi wuta.
Allurar ta yi rawa, ba ta tsaya ba.

Modibbo Hamajoda ya same ni a gindin ɗorawa.
Ya ce, da furfurarka za ka shiga gonar masu gumaka?
Na ce, Modibbo, a bayanka na yi azahar.
Sanin hanyar Yola ai ba ƙaura ba ce.
Ya juya shafi, ya riƙe littafin a kife,
ya ce, rubutun dai yana da kyau.

Akwai wurin da muka raba hanya da mutanen nan.
Inda suka rushe katanga tsakanin mai nema da Abin nema
na ajiye fensir, na yi alwala,
na dawo na rubuta a gefe da ajami:
ni bawa ne, a nan ban bi ku ba.
Sai na lura hannuna ya shiga sahun masu hashiya,
Bahaushen Garwa yana musu da tsohon da ya rasu
tun ba a haƙa rijiyar garinmu ba.
Amma tambayarsa ta bi ni har gada:
wa ke kallo idan ido yana kallo?
Dorina ta fito da hanci, ta yi huci, ta nutse.
Masu ɗiban yashi suna ta lodi.

Na iso gida bayan magariba, ƙofa a sakate.
Na buga. Dija ta ce, wane ne?
Shekara sittin da bakwai ina amsa wannan ba lissafi.
Na buɗe baki, na tsaya.
Ta ce, in kai ne ka shigo, tuwo ya huce.